Cikin Yaro Mai Galahanga: Abin da Ke Buƙatar Magani da Abin da Ba Ya Wankuwa

Maganar da zan yi ta shafi yaran da ke da galahanga, wadda likitoci ke kira otizim, da abincinsu, da cikinsu, da kasuwar da ta taso a kan alkawarin cewa za a wanke musu wata guba su dawo kamar sauran yara. Matsayina shi ne: ciwon ciki da wahalar cin abinci a wajen waɗannan yara gaskiya ne, kuma hakkinsu ne a yi musu magani yadda ake yi wa kowane yaro. Amma galahangar kanta ba datti ba ce da ya taru a hanji ko a jini, don haka duk wanda ya ce zai wanke ta yana sayar da abin da ba shi da shi, wani lokacin ma a kan ran yaron.

Bari mu fara da inda iyaye suke da gaskiya. Tun a 1943, lokacin da Leo Kanner na asibitin Johns Hopkins a Amurka ya bayyana yara 11 da suka zama farkon waɗanda aka siffanta da wannan lalura, ya lura da yawa daga cikinsu sun sha wahalar cin abinci tun suna jarirai. Wani nazari da mujallar likitocin yara ta Amurka ta buga a 2014, wanda ya tattara sakamakon bincike 15, ya nuna yiwuwar samun matsalar ciki a wajen yaro mai galahanga ta ninka ta sauran yara fiye da sau 4, musamman taurin bayan gida da gudawa. Wani na 2013 ya ce tsangwamar abinci ta ninka kusan sau 5. Ku duba yadda abin yake a tsakar gida. Yaro ɗan shekara 6 wanda ba ya magana, ba ya cin komai sai farar shinkafa da biskit iri ɗaya, in miya ta taɓa gefen kwanon ya ture. Ya kwana 5 bai zaga ba. Ya je ya danna cikinsa a hannun kujera, ya ciji bayan hannunsa, cikin dare ya farka da ihu. Mai kallo zai ce ciwon ne ya motsa, wani ya ce iska ce. Alhali cikinsa ne ya cushe, ba shi da kalmar da zai faɗa. Tun 2010 wani kwamitin ƙwararru a Amurka ya ja kunnen likitoci a kan haka, cewa sauyin hali a wajen yaron da ba ya magana kan iya zama kukan ciwon ciki. Kwamitin ya kuma ce babu hujjar da ta tabbatar da wata cutar hanji ta musamman da ke haifar da galahanga.

To daga ina aka samo cewa hanjin ne tushen lalurar? Hanya biyu. Ta farko ita ce takardar Andrew Wakefield a mujallar Lancet a 1998, wadda ta dogara da yara 12 kacal, ta yi hasashen cewa allurar rigakafin ƙyanda da hangum da rubela tana lalata hanji har guba ta kai ƙwaƙwalwa. Ɗan jarida Brian Deer ya tono yadda aka murɗe bayanan yaran, mujallar ta janye takardar a 2010, a shekarar kuma aka soke sunan Wakefield daga rajistar likitocin Birtaniya. Binciken Denmak na 2019, wanda ya bi yara 657,461, bai ga wata alaƙa tsakanin allurar da galahanga ba. Hanya ta biyu ta girmi wannan. Tun wajen 1979 aka fara hasashen cewa gulutin, wato sinadarin da ke sa ƙullin alkama ya yi danƙo, da kasin na cikin madara, suna narkewa su koma wani abu mai bugarwa da ke ratsa hanji ya shiga ƙwaƙwalwa. Hasashe ne da ya cancanci gwaji, kuma an gwada. A Jami'ar Rochester an ɗora yara ƙanana a kan abinci marar alkama da madara na makonni, sannan sau ɗaya a mako, tsawon mako 12, a ba su ɗan abin taɓawa da aka ɓoye gulutin ko kasin a ciki, ko wanda babu komai, ba tare da iyaye ko masu lura sun san wanne ne ba. Yara 14 suka kammala, aka buga sakamakon a 2016, ba a ga bambanci a hali ko barci ko bayan gida ba. Yaran kaɗan ne, na yarda, amma sauran gwaje-gwajen da aka rufe idon masu lura sun tafi a kan wannan layi, shi ya sa hukumar da ke tsara ƙa'idojin jinya a Ingila ta ce tun 2013 kada a yi amfani da hana abinci don magance ainihin alamomin galahanga. Game da tushen galahanga, abin da hujja ta fi ƙarfi a kansa shi ne gado: binciken 2019 a ƙasashe 5, a kan mutum kusan miliyan 2, ya ƙiyasta rabon ƙwayoyin gado da kusan kashi 80 cikin 100.

A nan ya kamata mu dubi tukunyarmu, domin wannan tsarin abinci marar alkama da madara an yanka shi ne daidai da teburin Bature, inda burodi da taliya da cuku suke abincin yau da gobe. Gero, dawa, masara, shinkafa da acca duk ba su da gulutin. Yaron da ya tashi a kan tuwon dawa da kunun gero ya riga ya kusa cika sharaɗin ba tare da an sayi garin waje mai tsada ba. Abin da ya rage a cire masa shi ne nono da kindirmo da madara, kuma nan ne hasarar take. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 37 cikin 100 na yaran Nijeriya 'yan ƙasa da shekara 5 sun tsumbure, a Arewa maso Yamma kuwa abin ya haura rabi. A irin wannan ƙasa, a ɗauki yaron da dama abinci 4 ko 5 kawai yake yarda da su, a janye masa fura da nono, an raba shi ke nan da babbar hanyarsa ta samun kalsiyam da sinadarin gina jiki. Likitoci a ƙasashe masu wadata sun sha ba da rahoton yara masu galahanga da dasashinsu ke zubar da jini saboda rashin bitamin C, da waɗanda ganinsu ya lalace saboda rashin bitamin A, duk don ƙuncin abin da suke ci. Akwai yaron da lallai a hana shi alkama, wato mai cutar siliyak, wadda ke kama kusan mutum 1 cikin 100, akwai kuma wanda madara ke kumbura wa ciki. Waɗannan ana gane su ta gwaji da lura, kuma hanin don cikinsu ake yi.

Wani zai ce ai kimiyya ta gano ƙananan halittun da ke zaune a hanjin waɗannan yara sun bambanta da na sauran. Haka ne, an sha ganin bambanci. Tambayar ita ce wanne ya haifi wanne. A 2021 masu bincike a Jami'ar Queensland ta Ostireliya suka duba bayan gida da abincin yara 247, suka ga galahanga ce ke sa yaro ya taƙaita abincinsa, ƙarancin nau'in abinci kuma shi ke rage nau'in halittun hanji. Wato kibiyar ta taso ne daga hali zuwa hanji. Gwajin dashen halittun hanji da aka yi a Arizona a 2017, wanda ake yawan kafa hujja da shi, yara 18 ne, babu rukunin da aka ba wa maganin bogi don kwatance, kuma kowa ya san abin da aka ba shi. Fage ne da ya cancanci a ci gaba da bincike, amma bai kai a buɗe shago a kansa ba.

Hujjar da ta fi nauyi ita ce ta uwar da za ta ce, “Ni da idona na ga ya samu sauƙi.” Ban ɗauki wannan magana da wasa ba, kuma ba ƙarya take yi ba. Sai dai abubuwa da yawa na iya kawo abin da ta gani. Yaro yana girma, kuma yara masu galahanga suna koyon sabon abu ko an ba su magani ko ba a ba su ba. Akan fara sabon magani ne a makon da abin ya fi tsanani, mako mai tsanani kuwa sau da yawa mai sauƙi ke bin sa. Wataƙila kuma rage biskit da alewa ya sassauta masa ciki, ya yi barci, ya daina cizon hannu, wanda wannan riba ce ta gaske amma ta ciki ce. Labarin sakaritin ya isa misali. A 1998 aka ba da rahoton yara 3 da suka inganta bayan an yi musu allurar wannan sinadari na narkar da abinci, iyaye suka yi ta rububinsa da kuɗi masu yawa. Da aka gwada a 1999, rabin yara aka ba su sinadarin, rabi ruwan gishiri, duka rukunin biyu suka nuna ci gaba daidai wa daida. Gwaji fiye da 12 ya biyo baya da amsa ɗaya. Ƙauna ce ke sa ido ya ga abin da zuciya ke fata, dalilin da ya sa ake rufe idon mai gwaji ke nan.

Hana abinci yana cutarwa a hankali. Abin da ake kira fitar da guba yana iya kashewa a yini ɗaya. Akwai magunguna da ke kama ƙarfe mai guba kamar dalma da zaiba a jini su fitar da shi ta fitsari, kuma mu a Arewa mun san amfaninsu. A 2010 gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara, irin su Dareta da Bagega, inda ake daka duwatsun zinariya a turmi a tsakar gida, ƙurar ta sauka a kan ƙasar da yara ke rarrafe. Ƙungiyar likitoci ta MSF ta ceci dubbai da irin wannan magani. Amma ku lura da tsarin: an auna jinin kowane yaro, an ba da magani ga wanda dalmarsa ta kai mizani, an kuma kankare gurɓatacciyar ƙasa daga gidaje don kada a yi ta zuba ruwa a kwando. Ku kwatanta da abin da ya faru a 2005 a jihar Fensilbeniya, inda aka kawo yaro ɗan shekara 5 mai galahanga daga Ingila, aka yi masa ƙarin irin wannan magani ta jijiya. Maganin ya zuƙe kalsiyam ɗin jininsa, zuciyarsa ta tsaya. A 2008 cibiyar binciken lafiyar ƙwaƙwalwa ta gwamnatin Amurka ta soke gwajin da ta shirya yi, bayan an ga maganin ya bar illa mai ɗorewa a ƙwaƙwalwar ɓerayen da ba su da gubar dalma tun farko. Masu wannan sana'a suna da wata dabara: su ba yaro maganin, sannan su auna fitsarinsa, su nuna wa iyaye takarda cike da jan layi. Kowa in an yi masa haka fitsarinsa zai nuna ƙarfe. Wanda ke tsoron dalma da gaske, jini zai auna, ya kuma duba abin da ke kusa, kamar baƙin kwallin da ake sa wa jarirai, wanda galibinsa dutsen dalma ne.

Mafi muni shi ne ruwan da ake tallatawa da sunan MMS. Idan an haɗa shi da ruwan tsami yana komawa sinadarin da masana'antu ke kore launin takarda da yadi da shi. Ana ɗura wa yara a baki ko ta dubura, yaro ya yi ta amai da zawo, wani abu mai kama da igiya ya fito, a ce wa uwa ga tsutsar galahanga nan ta fita. Majinar hanji ce da fatar cikinsa da ta ƙone ta saɓule. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a kansa a 2010 da 2019, a 2023 kuma kotu a Miami ta ɗaure Mark Grenon da 'ya'yansa 3 da suka yi ta sayar da shi da sunan coci. Wannan talla tana samun kunnen saurare a wurinmu saboda mun saba da zancen dattin ciki da wankin ciki, da jiƙon filasko da kanwa. Babba mai lafiya na iya jure zawon kwana ɗaya. Yaron da ba zai ce yana jin ƙishi ba, wanda ba ya yarda ya sha ruwan gishiri da sukari saboda ɗanɗanonsa baƙo ne a bakinsa, ruwan jikinsa na iya ƙarewa kafin a ankara.

Saura ƙorafi ɗaya, kuma ga ma'aikatan lafiya nake juya shi. Iyaye kan ce sun je asibiti an ce babu magani, an sallame su, mai wankin ciki kuwa ya zaunar da su ya saurare su awa guda. Wannan gaskiya ce mai ɗaci, kuma ita ke cika wa 'yan kasuwa aljihu. Rashin maganin da zai kawar da galahanga ba ya nufin babu abin yi. A tambayi uwa sau nawa yaron ke zagawa a mako da yadda bahayar take. A taɓa cikinsa, a leƙa haƙoransa, a auna nauyi da tsawo, a duba ƙarancin jini, balle in yana cin ƙasa. Taurin bayan gida yana da magani sananne, ƙwannafi ma haka, tsutsar ciki ta gaskiya ƙwayar albendazol ke kashe ta. A ɓangaren abinci kuma aikin faɗaɗawa ne: garin kuka ko zogale kaɗan a cikin abin da ya riga ya yarda da shi, wake da aka niƙa laushi, cokali ɗaya na sabon abu a gefen faranti ba tare da tilas ba, a maimaita sau 10 ko 15 kafin a ce ya ƙi. Uwa ta riƙe ɗan littafi tana rubuta abin da ya ci, ranar da ya zaga, da daren da bai yi barci ba, ta zo da shi ranar ganin likita, likitan kuma ya buɗe ya karanta.