Mura da jin ƙamshi



Idan ɗari ya shigo, mura takan bi gida gida. Wani ya warke, an kawo masa miya, amma ba ya jin ƙamshin daddawa. Me ya same shi?

Can saman hanci, daga ciki, akwai jijiyoyin jin ƙamshi, sirara kamar zare. Suna bi ta wani ƙashi mai huji-huji kamar rariya, su isa ga wasu ƴan curi guda 2 a ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, wajen goshi. Hanci manzo ne kawai. Ƙwaƙwalwa ce ke gane saƙo.

Ƙwayar cutar mura, wadda likitoci ke kira birus, tana ɓarna iri 2. Tana kumbura cikin hanci, iska ta kasa kaiwa ga jijiyoyin. Wannan yakan wuce tare da murar. Wani lokaci kuma takan lalata naman da ke riƙe da jijiyoyin. Sai saƙo ya yanke. Idan abin ya daɗe, ƴan curin nan na iya ƙanƙancewa, kamar hannun da aka daɗe ba a yi aiki da shi ba.

An ga haka da cutar korona, wadda ta shigo Nijar cikin watan Maris na 2020. A 2022, masana na jami'ar Oksfod ta Ingila sun duba hotunan ƙwaƙwalwar waɗanda suka yi cutar. Sun tarar sassan da ke aikin ƙamshi sun ɗan ragu.

Kada hankalinku ya tashi. Jijiyoyin hanci suna sake tohowa. Yawancin mutane kan warke cikin ƴan makonni. Wasu sai sun yi watanni.

Amma akwai haɗari. Wanda ba ya jin wari ba zai ji hayaƙin gobara ba, ko gas mai zurara, ko naman da ya lalace. Uwargida, in abin ya same ki, ki sa wani ya sansana abinci kafin ki ba yara. Kada a kwana da garwashi a ɗaki.

Ga abin yi. Ku samu lemun tsami, kanumfari, citta da turare. Ku sansana kowane a hankali, kuna tuna ƙamshinsa, safe da yamma, har wata 3. Wannan yana taimakon jijiyoyin. Kada ku ɗura taba ko wani garin magani a hanci. Idan wata guda ya wuce babu sauƙi, ku tafi gidan likita.

Yanzu kowa ya ɗauki alli ya rubuta: hanci, mura, ƙamshi. Gobe ku karanta wa maƙwabta.

Allah ya ba mu lafiya. Sai mako mai zuwa.