In Ma'auni Ya Ɓace, Kada a Ce Lafiya Lau



Sa'ad da aka kafa Jami'ar Sakkwato a 1975, wadda aka sake wa suna Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a 1988, sakamakon ɗalibai da lissafin albashi a cikin fayil da kabad ake tsare su. Yau kuwa mafi yawansu suna cikin uwar kwamfuta, watau babbar na'urar nan da ma'aikata ke kira saba, wadda ƙananan kwamfutoci ke ɗiba daga gare ta. Tun 2015 jarrabawar JAMB ma ta koma ta kwamfuta baki ɗaya. Ashe ke nan lafiyar wannan na'ura ta shafi kowa a zauren nan.

To, yaya ake sanin lafiyarta? Manhajar Windows Server tana da wata taga mai suna Performance Monitor, cike da ma'aunai. Wani yana auna nauyin da ke kan ƙwaƙwalwar na'ura, wani ma'ajiyar wucin gadi, wani kuma saurin faifai. Kamar yadda likita ba ya ba da magani sai ya auna jini da zafin jiki, haka mai kula da saba ba ya yanke hukunci sai ya duba su.

A bazarar da ta wuce, a wani ofis da muke aiki cikin garin nan, sabarmu ta soma jan ƙafa ana saura kwana uku a biya albashi. Da muka buɗe tagar, sai muka tarar wasu ma'aunan sun ɓace, wasu kuwa lambobi ne tsirara a gurbin sunayensu. Waɗansunmu suka ce tun da ba a ga wata alamar ciwo ba, lafiya lau ke nan. Waɗansu suka ce a goge kome a sake girkawa, alhali kuwa lissafin mutane masu iyali yana ciki. Dukkan shawarwarin biyu kuskure ne, domin in mudu ya fashe, ba a cewa buhu ya cika, ba a kuma zubar da geron. Mudun ake gyarawa tukuna.

Sunayen ma'aunan nan a cikin rajistar Windows ake ajiye su, tare da wasu fayiloli kamar perfc009.dat da perfh009.dat, inda 009 ke nufin Ingilishi. Sukan lalace in wuta ta ɗauke ana tsakiyar girka manhaja, ko in wata manhaja ta yi ɓarna wajen shiga ko fita. Wani lokaci kuma Windows da kanta take rufe ma'aunin da ya dame ta da kurakurai. Mu da muka san halin wuta da zafin Afrilu a Sakkwato, wannan ba baƙon abu ba ne.

Ga matakan da muka bi. Da farko muka karanta littafin tarihin na'ura, watau Event Viewer, muka nemi saƙonnin Perflib. Sa'an nan muka adana abin da ke akwai da umurnin lodctr /S, domin mai hankali ba ya rushe tsohuwar rumfa bai tanadi inuwa ba. Na uku, muka ba da umurnin lodctr /Q don mu ga ma'aunan da aka rufe. Wanda aka rufe, alamarsa a rajista ita ce Disable Performance Counters ɗauke da lamba 1. Akan mai da ita 0, ko a buɗe shi da lodctr /E. Na huɗu, da ikon babban mai kula, muka ba da umurnin lodctr /R a cikin System32, muka maimaita a SysWOW64, don a sake gina jerin. Daga ƙarshe muka bi da winmgmt /resyncperf, muka sake tayar da hidimomin pla da winmgmt. Ma'aunan manhaja mai zaman kanta irin SQL Server kuwa, wani lokaci sai an ɗora su daban daga nasu fayil.

Kafin la'asar ma'aunai suka dawo, nan take kuma suka nuna ciwon: layin masu jiran faifai ya yi tsawo, domin wani aikin kwafe bayanai yana gudana da rana tsaka maimakon dare. Aka mai da shi dare, aka biya albashi kan kari.

'Yan'uwa, gobe ku ne za ku riƙe ofisoshin ƙasar nan. Muna roƙonku ku riƙa duba ma'aunai tun ana zaune lafiya, ku rubuta abin da suka nuna, domin wanda bai san na'urarsa da lafiya ba, ba zai gane ta da ciwo ba. Ku nemi batirin ajiye wuta kafin ku nemi sabuwar kujera. In kuma wani ya kawo muku rahoto wayam, ku tambaye shi: matsala ce babu, ko ma'aunin ne ya mutu?

Allah ya ba mu ikon riƙon amana.