Zamiya a Kan Dusar Ƙanƙara: Abin da Bidiyo Ba Ya Nuna Maka

Yau za mu leƙa ƙasar sanyi ne, garin Shamoni da ke Faransa, a gindin dutsen Mont Blanc mai tsayin sama da mita 4,800, dab da iyakar Italiya da Suwizalan. Maganarmu ita ce wasan zamiya a kan dusar ƙanƙara, wanda ake ce wa siki.

Na san kuna ganin bidiyon nan a TikTok, mutum ya sulalo daga ƙololuwar dutse kamar kibiya. Shi ya sa da yawanmu suka ɗauka shi ke nan wasan. To, iri biyu ne manya, kuma duk ana yin su a Shamoni.

Na farko shi ne na gangara. Za ka hau kujera ko ɗan akwatin da ke tafiya a jikin waya, ya kai ka sama, kai kuma ka zamo ƙasa. Takalmin mai tauri ne, a ɗaure yake kam a jikin katakon, gaba da baya. Nauyinka da gangaren dutsen su ke tura ka. Aikinka juyawa da tsayawa.

Na biyu shi ne na dogon zango. Nan babu injin da zai ɗauke ka. Katakon siriri ne mara nauyi, kuma bakin takalmin kawai aka maƙale, dugaduganka na ɗagawa kamar kana tafiya. Da ƙafa da hannu da sanduna biyu za ka tura kanka, a fili da hawa da sauka, cikin itatuwa.

Ga abin da mutane ba su cika sani ba. A Shamoni aka yi gasar Olamfik ta lokacin sanyi ta farko, a 1924, kuma babu tseren gangara a cikinta. Na dogon zango aka yi, kilomita 18 da kilomita 50, wani ɗan Norwe mai suna Thorleif Haug ya lashe duka biyun. Sai a 1936, a Jamus, aka shigar da na gangara. Dalili kuwa, a ƙasashen arewacin Turai wannan katakon abin sufuri ne tun asali, da shi ake zuwa farauta, da shi ake kai saƙo idan dusar ƙanƙara ta rufe hanya. Na gangara bai bunƙasa ba sai da aka samu injinan da ke kai mutane sama.

To me ya kawo wannan magana? Akwai 'yan uwanmu da ke karatu ko aiki a Turai, wata rana abokai za su ce a zo a tafi dutse. Ni shawarata, ka fara da na dogon zango. Bari in faɗi hujjata.

Ɗaya, aljihu. A na gangara sai ka sayi tikitin hawa injin, ka yi hayar takalmi da katako da hular kwano, ka biya mai koyarwa. Na dogon zango kuɗin shigarsa kaɗan ne idan aka kwatanta, hayar kayansa ma ta fi sauƙi.

Biyu, lafiyar jiki, kuma nan ne maganar take. A na gangara, idan ka faɗi katakon ya murɗe bai saki takalmin ba, gwiwa ce ke ɗaukar nauyin, jijiyarta kan tsinke, sai tiyata da watanni ana jinya. Gudun ba wasa ba ne: a 2013 ɗan Faransa Johan Clarey ya haura kilomita 160 a awa a wata gasa a Suwizalan. A ƙarshen shekarar nan kuma Michael Schumacher, gwarzon tseren mota, ya faɗi a Méribel, kansa ya bugi dutse a gefen hanyar da aka shata, alhali yana sanye da hular kwano. Tun daga ranar ba a sake ganinsa a bainar jama'a ba.

Idan kuma ka ce lallai sai gangara, to ka kula da kala. A Faransa kore na 'yan koyo ne, sai shuɗi, sai ja, baƙi kuwa na ƙwararru. Kada abokai su zuga ka ka hau ja ranar farko don a ɗauki hoto. Ka fara koyon tsayawa kafin gudu, ka kuma tabbatar inshorarka ta haɗa da kuɗin ɗauko mutum daga dutse, don a kan waɗannan hanyoyi ba kyauta ake yi ba.

Kada fa ka raina na dogon zango don ba ya burgewa a bidiyo. Minti 20 za ka yi ka jiƙe da gumi cikin sanyin da ke daskarar da ruwa. Yana cikin wasannin da suka fi cin numfashi a duniya. Kuma da shi Samuel Ikpefan, wanda ya tashi a Faransa, ya ɗaga tutar Najeriya a Olamfik ta Bejin a 2022.

To, ku faɗa mini: da za ku samu kanku a Shamoni da kwana ɗaya tak, wanne za ku zaɓa? Wanda ya taɓa gwadawa ya ba mu labari.