Ƙera Ƙananan Motoci Bisa Ma'auni: Wasan Yara Ko Makarantar Injiniya?



Watakila wasu su yi mamakin yadda aka yi jami'a ta keɓe yammaci guda domin a yi magana a kan 'yan motocin da ba su wuce tafin hannu ba. A ƙasar Hausa, in aka ga magidanci ya duƙufa yana liƙa tayar da ba ta kai kwabo girma ba, abin da za a ce shi ne ya rasa aikin yi. Amma a Ingila da Amurka da Japan akwai likitoci da alƙalai da direbobi waɗanda wannan ne aikin sha'awarsu bayan an tashi daga aiki, suna da ƙungiyoyi da mujallu da gasa. Abin da wannan lacca za ta duba shi ne mene ne ainihin abin da suke yi, da kuma inda ya bambanta da motar karan da yara ke yi a ƙauyuka bayan an gama girbi.

Bambancin duka yana cikin kalma guda, watau ma'auni. Abin wasa kama da mota kawai ake bukata ya yi. Samfurin da aka yi bisa ma'auni kuwa, tilas ne kowane sashe nasa a rage shi da lissafi iri ɗaya. Idan aka ce ma'aunin 1:24, ana nufin duk abin da ya kai inci 24 a jikin motar gaske, inci 1 zai zama a jikin samfurin, ko tsawon bodi ne, ko faɗin ƙofa, ko kaurin sitiyari. Alal misali, Peugeot 504, wadda aka fara harhaɗawa a Kaduna cikin 1975, tsawonta ya kusa mita 4 da rabi. A ma'aunin 1:24 sai ta dawo wajen santimita 19. A ma'aunin 1:43 kuwa, santimita 10 da 'yan kai. Waɗannan lambobi ba da ka aka tsince su ba. Na 1:24 ya fito ne daga awon Ingilishi, rabin inci a madadin ƙafa guda. Na 1:43 an gaje shi daga ƙananan jiragen ƙasa na wasa, domin motar da za a ajiye a gefen dogo ta dace da girman jirgin.

Tarihin abin ya biyo hanyoyi biyu. Ta farko ita ce ta motocin zubi, waɗanda ake narka ƙarfe a ɗura shi cikin mazubi ya fito da siffar mota a gama. Kamfanin Meccano na Frank Hornby, a birnin Libaful, shi ya fitar da Dinky Toys cikin 1934. A 1953 kamfanin Lesney na Landan ya biyo da Matchbox, waɗanda aka yi su daidai shiga akwati mai girman gidan ashana. Saboda akwatin ne ke yanke hukunci, sai ya zamana babbar mota da ƙarama duk tsawonsu ɗaya, ma'auni ya tafi hutu. Irin waɗannan tarawa ake yi, ba a ƙera su, don haka ba su ne abin magana a nan ba.

Hanya ta biyu ita ce ta samfurin roba mai zuwa gunduwa-gunduwa cikin kwali, mai saye ya harhaɗa da kansa. Wannan kuwa daga talla ya samo asali. A 1949 aka ba kamfanin Airfix na Ingila aikin yin ƙaramin samfurin tarakta Ferguson domin dillalai su riƙa nuna wa manoma, daga baya kamfanin ya ga ya fi araha a sayar da shi a wargaje. A Amurka ma haka: kamfanin AMT, wanda aka kafa a 1948, ya fara ne da yi wa dillalan motoci samfura a ma'aunin 1:25, kafin a 1958 ya soma sayar da su a kwali ga samari. A Japan, kamfanin Tamiya na Shizuoka da sana'ar katako ya fara a 1946. Wannan kamfani ya kai tsanani wajen awo har ya taɓa sayen Porsche 911 sukutum, ya kwance ta, domin a auna sassan da ido ba ya kaiwa gare su, kafin ya fitar da samfurin Porsche 934 a 1976.

Mai harhaɗa irin wannan samfur yana da kayan aiki kaɗan: wuƙa mai tsini, hantsaki, sanfefa mai laushi, gam da fenti. Sassan suna zuwa maƙale a jikin wasu sandunan roba, waɗanda su ne hanyar da narkakkiyar roba ta bi ta shiga mazubi. Yankewa ake yi, ba a karyawa. Gam ɗin da ake amfani da shi narka fuskar robar yake yi har sassan biyu su zama ɗaya, shi ya sa in ɗigo guda ya faɗa kan gilashin gaba, aikin mako guda ya lalace. Sa'an nan akwai bin tsari. Wanda ya rufe bodi kafin ya fenta kujeru, ko ya ɗora inji kafin ya daidaita ƙashin motar, zai gane cewa takardar umarnin da ya yi wa kallon raini ta fi shi sani.

Amma wurin da hankali ya fi aiki shi ne inda lissafi ya ƙi yarda da hannu. In aka rage tsawo sau 24, faɗi sau 24, tsayi sau 24, to, jikin abin ya ragu ne sau 13,824. Motar da ke da nauyin kilo 1,200, in da za a rage ta da gaske, da nauyinta bai wuce giram 87 ba. Farantin ƙarfen bodin mota bai cika kai milimita 1 kauri ba. A raba shi gida 24, sai ya fi takardar rubutu siranta ninki biyu ko uku. Babu robar da za ta tsaya a haka. Saboda haka bodin samfurin ya fi ƙa'ida kauri nesa ba kusa ba, in da za a mayar da shi girman gaske, da ya zama motar sulke. Gwani ya san wannan, sai ya kankare bakin taga da gefen ƙofa kaɗai, inda ido ke ganin kauri, ya bar sauran. Haka kuma fenti. Launin da ya yi kyau a jikin tirela, in aka shafa shi yadda yake a kan samfur, sai ya yi duhu ya yi nauyi, domin mai kallon samfur daga nisan kamu biyu tamkar mai hangen motar gaske ne daga can ƙetaren titi. Sanin inda za a bi lamba sau da ƙafa, da inda za a saɓa mata domin ido ya ga gaskiya, shi ne abin da injiniya da mai zanen gini suke yi kullum, kuma ba a cika samun sa a allon aji ba.

Masu masana'antar motoci a Amurka sun gane haka tun da wuri. A 1927 kamfanin General Motors ya buɗe sashen zane ƙarƙashin Harley Earl, wanda ya yaɗa al'adar sassaƙa sabuwar mota da yumɓu kafin a taɓa ƙarfe, al'adar da kamfanonin motoci ba su yar ba har yau duk da zuwan kwamfuta. A 1930 kuma reshen kamfanin mai yin bodi, watau Fisher, ya kafa gasa ta samari. Da farko keken doki na sarauta ake ba su su ƙera bisa zane guda. Daga 1937 aka ƙara da cewa yaro ya zana mota daga kansa, ya sassaƙa ta da katako ko wani abu a ma'aunin 1:12. Ladan waɗanda suka yi fice shi ne kuɗin karatun jami'a. Gasar ta ci gaba har 1968. Ɗaya daga cikin waɗanda suka ci ta a 1947, Charles Jordan, shi ne ya zama shugaban sashen zane na kamfanin gaba ɗaya a 1986. Ba don tausayin yara kamfanin ya kashe wannan kuɗi ba. Ma'aikatansa na gobe yake nema, kuma ya san inda ake samun su.

To, a nan ne maganar ta iso gida. Yaron Bahaushe bai jira wani kamfani ba. Da kaka ta yi, sai ya sami kara, ya feƙe ɓawonsa ya yi ƙusoshi, ya yanka totuwa ya yi jiki, ya fafe sakaina ya yi taya. Yaron birni kuwa langa-langa yake bi, da waya, da gwangwanin madara, da tsohon silifa. Har sitiyari mai doguwar sanda yake yi wanda ke juya tayoyin gaba da gaske. Yaran Malawi ma suna da irinta ta waya, suna kiran ta galimoto. Duk wanda ya tsaya ya duba zai ga cewa yaron nan ba harhaɗa abin da wani ya zuba yake yi ba. Shi ya je tasha ya ƙare wa gingimari kallo, shi ya yanke shawarar abin da zai zama sifirin, shi ya gano dalilin da ya sa motar ke kifewa in ya ɗora mata kaya a sama. A cikin masu wannan sha'awa a Turai, wanda ke ƙera samfur tun daga tushe ba tare da kwali ba shi ake ɗauka gwanin gwanaye. Abin da yaron ya rasa guda ɗaya ne: babu wanda ya taɓa miƙa masa rula ya ce ya auna. Ido yake bi, shi ya sa taya kan yi wa bodi girma, ko kan motar ya rinjayi bayanta. Da ya shiga makaranta kuwa, sai a nuna masa cewa wannan shiririta ce, ya bar ta a zaure.

Ya kamata ma'aikatan gwamnati su dubi wani abu a nan. Cikin shekarun 1970 zuwa farkon 1980 Nijeriya ta kafa masana'antun harhaɗa motoci: Peugeot a Kaduna, Volkswagen a Legas, Steyr a Bauci, Fiat a Kano, Leyland a Ibadan, Mercedes a Inugu. Yawancin sassan cikin akwatuna suke zuwa daga ƙetare, a ɗaure su bisa takardar umarni. Wannan, in an duba, samfurin kwali ne a ma'aunin 1:1. Harhaɗawa tana koyar da tsari da tsabtar aiki, kuma ba abin rainawa ba ce, amma ilmin yana hannun wanda ya yi zane ya sassaƙa mazubi. Da kuɗin mai ya faɗi, darajar Naira ta karye daga 1986, akwatunan suka yi tsada, sai aikin yawancin masana'antun ya durƙushe, domin ba a iya yin abin da ke cikin akwatin a gida. A daidai wannan zamani aka shigo da tsarin ilmi na 6-3-3-4 tare da darasin gabatar da fasaha, aka sayo injuna daga waje, waɗanda a makarantu da yawa suka tsufa cikin akwatunansu saboda rashin lantarki ko rashin malami. Alhali darasin ma'auni ba ya bukatar lantarki. Rula yake so, da fensir, da kwali, da reza.

Ga yadda malami ko ɗalibi zai iya farawa. Mai ƙera samfur daga tushe da taya yake somawa, domin ita ce ta fi wuyar yi, kuma ita ke yanke ma'aunin sauran. Marfin kwalbar lemo faɗinsa wajen santimita 3 ne, tayar ƙaramar mota kuwa ta ɗan haura santimita 60. Ke nan ma'aunin ya kama kusan 1:20, kuma motar da ke da mita 4 da rabi tilas ta zama santimita 22 da rabi, ba yadda ido ya ga dama ba. Daga nan sai a auna tazarar da ke tsakanin tayar gaba da ta baya, domin kuskure a wannan wuri shi ne ke fara tona asirin samfur. Kana a zana motar ta fuska uku, gefe da gaba da sama, kafin a yanka kome. Yaron da ya yi wannan sau uku ya riga ya san karatun zanen injiniya, ko da bai san sunansa ba.

Akwai kuma motar da ta fi cancanta a fara da ita, watau babbar mota mai bodin katako, wadda ta yi shekaru tana jigilar gyaɗa da shanu da fasinja tsakanin Kano da Kudu. Kanta da injinta daga Turai suke, amma bodin kafintocin gida ne suka yi shi, kowane da irin hannunsa, da tsaninsa na hawa, da zanen zaki ko dawisu, da rubutun da mai motar ya zaɓa. Ba a yi biyu iri ɗaya ba, kuma suna ƙarewa, tirela da bodin ƙarfe suna maye gurbinsu. Wanda ke son samfurinta sai ya ɗauki tef ya tafi tasha ko garejin da aka yar da ita, ya nemi izinin mai ita, ya ƙirga katakan gefe ɗaya bayan ɗaya. In tsawonta mita 8 ne, a ma'aunin 1:24 za ta zama santimita 33, tayarta mai faɗin mita guda kuma santimita 4 da ɗigo 2. Katakon gefe mai faɗin santimita 15 zai dawo milimita 6, wanda ɓawon kara da aka feƙe da kyau yana iya tsayawa a madadinsa.