Dundumi da Abin da Ke Cikin Tukunya

Yaron da ke wasa lafiya lau da rana, amma da magariba ta yi sai ya riƙa laluben bango yana tuntuɓe da turmi, ba iskokai ne suka taɓa shi ba. Dundumi ne, kuma galibi ƙarancin bitamin A ke kawo shi. In aka yi sakaci, idon kan bushe har ya mutu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce wannan ƙaranci ne kan gaba wajen makantar da yara, makantar da za a iya hanawa.

Abin takaici, maganin yana bayan gidajenmu da bakin kasuwa: zogale, alayyahu, karas, kabewa, mangwaro, hanta, ƙwai da manja. Sai dai akwai lura. Manjan da aka soya har ya yi hayaƙi ya koma fari, amfaninsa ya tafi. Zogalen da aka shanya a tsakiyar rana ma yakan yi asara, gara inuwa. Kuma jiki ba ya ɗaukar wannan bitamin sosai sai da maiƙo, shi ya sa kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli ya dace.

Tun 2002 Najeriya ta wajabta ƙara bitamin A a sukari, man girki da fulawa, da tambarin ido a jikin kayan. Yara 'yan wata 6 zuwa 59 kuwa, ana ɗiga musu shi a baki kyauta duk bayan wata shida a asibitocin sha-ka-tafi.