Jami'ar da Ke Karɓar Kowa



Masu saurare na Magarya da Dungas, yau maganarmu kan karatu a ƙasar waje ce. Duk shekara, da zarar sakamakon jarrabawar BAC ya fito, sai dillalai su fara yawo. Suna tallar jami'o'in da ba jarrabawa, ba jira, ka biya ka shiga. Iyaye, kafin a sayar da sa, kafin a jinginar da gona, a tsaya a bincika.

Ku tuna ƙarshen 2023. Wani ɗan jaridar Daily Nigerian ya fallasa yadda ya sayi digiri daga Kwatano ta ƙasar Benin cikin mako shida, bai taɓa zama a aji ba. Da shigowar 2024, Najeriya ta dakatar da tantance takardun digiri na Benin da Togo. Har yaran da suka sha wahalar karatu da gaske, abin ya shafe su. Wannan ne ya fi ƙona mini rai, don gumin iyayensu ne ya tafi.

Saboda haka, ɗalibi, ka bincika. Ƙasar da jami'ar take ta amince da ita? Hukumar CAMES, mai tantance takardun jami'o'i, ta san takardarta? Idan ka dawo gida, za a ɗauke ka aiki da ita?

Mai neman tallafin karatu a Maroko ko Aljeriya ya bi ta hukumar ANAB. Mai son Jami'ar Bayero ta Kano ya fara gyara Ingilishinsa tun yanzu. Kuma kada a raina Jami'ar André Salifou, ga ta nan a Damagaram.

Mu kwana nan. A huta lafiya.