Jawabi Kan Kula da Tukunyar Lantarki ta Ikkilisiya



Tukunyar lantarkin nan da muka saya da kuɗin baiko, mai dafa shinkafa da wake da nama, ta kowa ce, shi ya sa kowa ke bar wa wani wankinta. Bayan taron da ya wuce mun iske ta da ƙanzo, murfin yana wari.

Abin da ya fi damunmu shi ne kafar fitar tururi. Wake yana kumfa, kumfar kuwa takan toshe wannan 'yar kafa, kuma tukunyar da ta toshe tana iya ƙona mai buɗe ta. Saboda haka in wake ne, kada a cika ta fiye da rabi. In an gama, a zare waya daga soket, a bari ta huce, a cire robar murfin a wanke ta daban, a duba kafar a haske a tabbata ba ta toshe ba.

Gindin da ke da waya ba ya shiga ruwa, tsumma mai laima ya isa. Soson ƙarfe kuwa, muna roƙonku, a bar wa tukwanen murhu, gama yana kankare cikinta.

Daga yau duk wanda ya ɗauke ta zai rubuta sunansa wurin shugabar Zumuntar Mata.